Me ya sa kogin Wudil ya nufi gabas alhali teku tana kudu?

"Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Wudil. Tun muna yara ake gaya mana cewa koguna daga arewa suke gangarowa kudu domin su shiga teku. To amma kogin da ya ratsa garinmu gabas ya nufa, kuma na ji an ce Kogin Nilu arewa yake tafiya. Wani ɗalibina ya tambaye ni dalili a cikin aji, na rasa amsar da zan ba shi. Shin mene ne yake zaɓar wa kogi inda zai fuskanta?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, na ji daɗin wannan tambaya, kuma na fi jin daɗin cewa daga bakin yaro ta fito, domin alama ce ta cewa yaron yana duban abin da ke gabansa, yana kuma auna shi da abin da aka faɗa masa. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko akwai wata alƙibla da aka ɗora wa koguna baki ɗaya, idan kuma babu, me ya sa wannan ya yi gabas, wancan ya yi arewa. Na yi shekaru ina aikin awon ƙasa domin fitar da hanyoyin ruwa a gonakin noman rani kafin in koma aji in koyar da labarin ƙasa, don haka zan amsa maka da abin da na karanta da kuma abin da na gani da idona.

Ruwa bai san arewa ba, bai san kudu ba. Tudu da kwari kawai ya sani. Ƙasa tana jan kowane abu mai nauyi zuwa gare ta, kuma tun da ruwa ba shi da tsayayyen jiki, duk inda ya sami kansa sai ya zame zuwa wurin da ya fi kusa da shi a cikin wuraren da suka fi ƙasa. Daga can ya sake neman na gaba, haka har ya isa inda babu sauran gangare, ko teku, ko tafki, ko rairayin da zai shanye shi. Wasu littattafanmu suna kiran wannan jan da sunan maganaɗisun ƙasa, kuma ina ganin sunan yana rikita yara, domin suna haɗa shi da allurar kamfas mai nuna arewa. Abubuwan biyu daban suke. Allurar kamfas ce take da alaƙa da arewa. Shi kogi, jan da ake yi masa ƙasa ya nufa, wato ƙarƙashin ƙafarka, ko ina kake tsaye a duniya.

Maganar da aka gaya muku kuna yara tana da tushe biyu a ganina. Na farko taswirar bango ce. Idan aka rataye taswira, arewa tana sama wajen rufi, kudu tana ƙasa wajen daɓe, sai zuciyar yaro ta raya masa cewa ruwa daga saman takardar zai zubo. Alhali sanya arewa a sama al'ada ce ta masu zana taswira, kuma ba kowa ya bi ta ba: taswirar duniya da masanin labarin ƙasa Al-Idrisi ya kammala a shekarar 1154 kudu ta sa a sama. Na biyu kuwa, a Najeriya teku tana kudu, kuma Kogin Kwara daga Lokoja kudu yake miƙewa har ya shiga cikinta, sai aka ɗauki halin babban koginmu aka ɗora wa sauran. Nilu kuwa arewa yake tafiya saboda can gangarensa yake. Tafkin Biktoriya, inda Farin Nilu yake fitowa, ya haura mita 1,100 sama da matakin teku, Tafkin Tana na Habasha, mafarin Shuɗin Nilu, ya kusa mita 1,800, birnin Khartum inda suke haɗuwa bai kai mita 400 ba, bakin Bahar Rum kuwa a matakin teku yake. Shi ya sa mutanen Masar suke kiran kudancin ƙasarsu da sunan ƙasar sama.

Doron da yake raba ruwa

Ka dubi rufin kwano mai doro lokacin da ake ruwan sama. Ɗigo biyu za su sauka kusa da juna, tazararsu ba ta kai taƙi ɗaya ba, amma ɗaya ya gangara tsakar gida, ɗayan ya zuba a bayan gida ya bi kwata ya fita unguwa. Ƙasa ma tana da irin wannan doro, kuma shi ne abu na farko da ake nema idan ana son fahimtar kogunan kowane yanki.

Babban doron Najeriya shi ne tsaunin Jos, wanda tsayinsa a matsakaici ya kai wajen mita 1,280, duwatsun Shere da ke kansa kuwa sun haura mita 1,800. Daga wannan tsauni ɗaya ruwa yake rarrabuwa zuwa fuskoki daban-daban. Kogin Kaduna ya taso daga can ya yi arewa maso yamma, sannan ya juya kudu maso yamma ya wuce Shiroro da Zungeru ya faɗa Kwara a ƙasar Nupe. Kogin Gongola ya taso daga gefen gabas. Ruwan da ya zama Kogin Jama'are kuwa arewa maso gabas ya nufa, ba zai taɓa ganin teku ba. Akwai kuma wani doron da bai kai wannan tsayi ba, wanda matafiyi a mota ba zai ma lura ya hau shi ba, wato tudun da ke tsakanin Funtuwa da Zariya da Kano. Ruwan da ya sauka a Zariya yana bin Kubanni ya shiga Galma, Galma ta kai shi Kogin Kaduna. Wanda ya sauka a wajen Funtuwa yana iya shiga Kogin Sakkwato ya yi arewa maso yamma. Wanda ya sauka a gefen Kano kuwa, shi ne yake zuwa ya wuce ta ƙarƙashin gadarku.

Kogin da ke Wudil haɗakar ruwa biyu ne, Kogin Kano wanda aka tare a madatsar Tiga a shekarar 1974, da Kogin Challawa wanda shi ma aka yi wa madatsa a 1992. Bayan sun haɗu ne ake kiransa Kogin Haɗeja. Yana tafiya gabas da ɗan karkata arewa, ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da ruwan Jama'are a yankin Gashuwa, daga nan ya zama Komadugu Yobe, ya wuce Gaidam, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya ƙare a Tafkin Chadi. Dalilin wannan tafiya a lissafi yake. Kano tana kan tsayin da ya kai wajen mita 480, Tafkin Chadi kuwa wajen mita 280, kuma tsakanin Kano da teku akwai tudun da ruwa ba zai iya hawa ba. Tafkin yana zaune ne a cikin wani ƙaton kwari mai kama da ƙwarya a tsakiyar nahiya, ruwa yana shigo masa daga gefuna: naku daga yamma, Shari da Logon daga kudu, waɗanda suke haɗuwa a Njamena kuma su ne suke kawo masa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba masa. Ka ga ke nan maƙwabtanmu na Chadi sun saba da kogi mai tafiya arewa kamar yadda mutanen Anacha suka saba da mai tafiya kudu.

Ka lura da ƙanƙantar gangaren. Mita 200 ne a tafiyar da ta haura kilomita 500, wato a kowace kilomita ƙasa ba ta sauka ko rabin mita. Ido ba ya ganin wannan, amma ya ishi ruwa.

Kogin Sakkwato ma darasi ne. Daga wajen Funtuwa yake tafiya arewa maso yamma, ya wuce Gusau, ya cika madatsar Bakolori, ya isa Sakkwato ya haɗu da Rima, sannan ya yi kwana ya dawo kudu ta Argungu da Birnin Kebbi ya shiga Kwara. Gulbin Maraɗi kuwa daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya tsallaka Nijar, ya wuce Maraɗi, ya sake dawowa Najeriya ya shiga Rima. Kogi ɗaya yana iya fuskantar arewa da yamma da kudu a tafiya ɗaya, domin a kowane taki gangaren da ke gabansa kawai yake bi.

Kwara, kogin da ya juya wa teku baya

Babu kogin da ya fi Kwara nuna wannan magana, kuma babu wanda ya fi shi wahalar da masana. Mafarinsa yana tsaunukan Gini kusa da iyakar Saliyo, tazarar kilomita 240 kacal daga Tekun Atlantika. Da teku yake nema, da tafiyar 'yan kwanaki ta ishe shi. Amma ya fito ne ta bayan doron, gefen da ke kallon cikin nahiya, sai ya kama hanyar arewa maso gabas ya wuce Bamako da Segu da Mopti, ya doshi Sahara har kusa da Tumbuktu. A can ne ya lanƙwasa, ya matse ta wata mashiga mai duwatsu a Tosaye, ya juyo kudu maso gabas ta Gao da Yamai da Gaya, ya shigo Najeriya ta Kebbi, ya wuce Yawuri da Jebba, ya karɓi Binuwai a Lokoja, sannan ya isa teku bayan tafiyar kusan kilomita 4,200.

Wannan baka da kogin ya yi ta sa mutane sun yi ƙarnuka suna gardama a kansa, domin kowa ɓangaren da ya gani yake ba da labari. Ibn Battuta, da ya ziyarci Mali a tsakiyar ƙarni na 14, Nilu ya kira shi. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya rubuta cewa yamma yake tafiya. Sai a watan Yuli na 1796 Mungo Park, wani Bature mai yawon bincike, ya tsaya a bakinsa a Segu ya tabbatar wa Turai cewa gabas ya nufa, abin da masuntan wurin suka sani tun kaka da kakanni. Shi kansa Park a Busa ya rasu a farkon 1806 yana neman ƙarshen kogin, wurin da yanzu yake ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji. A 1824 wani Baturen, Clapperton, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma taswirar da ya samo daga fadar ta nuna Kwara yana miƙewa gabas zuwa Masar. Sai a 1830 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka bi shi a kwale-kwale har bakin teku.

Bayanin da ya fi karɓuwa a wurin masana shi ne cewa Kwara na yau koguna biyu ne da suka haɗe. A da, na sama yana zuba ne a wani babban tafki a yankin Tumbuktu, kamar yadda naku yake zuba a Chadi, na ƙasa kuma yana tasowa daga tuddan da ke gabas da wurin ya gangara teku. Da ruwan na sama ya sami mafita ta Tosaye, sai biyun suka zama ɗaya. Masana sun saɓa a kan lokacin da haɗuwar ta faru, amma alamar tsohon tafkin tana nan: tsakanin Segu da Tumbuktu ƙasa ta kwanta sosai har kogin yakan bazu ya zama wata ƙatuwar fadama, ruwa ya riƙa jan ciki a cikinta wata da watanni. Shi ya sa ruwan daminar Gini ba ya cika kogi a Yamai sai wajen Disamba da Janairu, lokacin da ake tsakiyar hunturu, sama babu ko gajimare.

To wa ya shimfiɗa gangaren?

A nan ne tambayar take zurfafa, domin cewa ruwa yana bin gangare rabin amsa ce. Gangaren kansa yana da tarihi. Ɓawon ƙasa yana motsi a hankali cikin miliyoyin shekaru, wani wuri ya ɗaga, wani ya lotsa, wani ya tsage. Lokacin da Afirka take rabuwa da Kudancin Amurka, sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, wata tsaga ta kutsa cikin nahiyarmu daga bakin teku ta yi arewa maso gabas. Wannan tsaga ce kwarin da Binuwai yake kwance a ciki, kuma ita ce ta sa yake fitowa daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, ya wuce Garwa da Yola da Makurɗi, yana tafiya yamma da kudu maso yamma har Lokoja. A Kudancin Amurka, tasowar tsaunukan Andes ce ta toshe wa ruwan yankin Amazon hanyar yamma ta mayar da shi gabas.

Bayan wannan akwai irin dutsen da ke ƙarƙashi. Ruwa yana cin ƙasa mai taushi ya kauce wa mai tauri, yana kuma bin tsagar dutse idan ya same ta, shi ya sa wani lokaci za ka ga kogi ya yi kwana mai kaifi a fili ba tare da ka ga abin da ya tare shi ba.

Akwai kuma abin da nake kira wa ɗalibaina satar ruwa. Kogin da yake da gangare mai ƙarfi yana zaizaye kansa ta baya, yana cin doron da ya raba shi da maƙwabcinsa, har wata rana ya huda ya janye ruwan maƙwabcin. Ka dubi Gongola a taswira: ya miƙe arewa maso gabas kamar mai zuwa Tafkin Chadi, yana isa Nafaɗa sai ya karya kwana ya yi kudu, ya wuce Dadin Kowa ya faɗa Binuwai a Numan. Masana suna ganin a da Chadi yake zuwa. Irin wannan aiki yana gudana yanzu haka a iyakar Chadi da Kamaru, inda a shekarun da ruwa ya yi yawa Kogin Logon yake tumbatsa, wani ɓangare na ruwansa ya bi fadamu ya shiga Mayo Kebbi, daga nan sai Binuwai. Ruwan da aka yi wa hanyar Tafkin Chadi sai ga shi ya nufi Lokoja.

A ƙasa mai shimfiɗa, ƙaramin abu ma yana iya juya kogi, kuma wannan ne ya fi damuna domin ya shafi abincin mutane. A ƙasan Haɗeja kogin yana rarrabuwa yana bi tsakanin tsofaffin jigayin rairayi. Tun da aka gina madatsun sama, ambaliyar shekara-shekara mai wanke hanya ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana har da rani, sai ciyawar kachala ta sami wurin zama. Ta cika magudanai, laka ta taru a gindinta, wasu rassan suka toshe, ruwa mai yawa ya karkata ta reshen da ake kira Marma zuwa wajen Nguru. Sakamakon shi ne wasu garuruwa ruwa ya kwanta musu a gona, wasu kuma hanyar da iyayensu suka yi kamun kifi da noman shinkafa a kanta ta ƙafe. Kogi mai ɗauke da laka da yawa yana iya yin wanda ya fi haka: a 1855 Kogin Huwang Ho na ƙasar Sin ya fasa gaɓarsa ya sauya hanya, bakinsa ya koma ɗaruruwan kilomita arewa da inda yake a da.

Wani lokaci ruwa yana komawa da baya ɗungurungum, amma ko a nan ƙa'idar ba ta karye ba. A Kambodiya, idan Kogin Mekong ya cika da damina, ruwansa yakan fi na Tafkin Tonle Sap tsayi, sai kogin da ke tsakaninsu ya juya ya riƙa zuba cikin tafkin, da rani kuma ya dawo. A rafukan bakin tekunmu ana ganin haka kullum idan teku ta cika ta kuma janye. A birnin Chicago na Amurka mutane ne suka haƙa hanya mai zurfi a shekarar 1900 suka juya koginsu domin kada ƙazanta ta shiga tafkin da suke sha. A kowane ɗayan waɗannan, saman ruwa ne ya fi tsayi a gefe ɗaya, ruwan kuma ya bi inda ya fi ƙasa.

Iska tana iya kaɗa fuskar ruwa har ka ga kamar baya yake komawa, amma ba ta juya kogi. Juyawar duniya tana da tasiri a kan manyan igiyoyin teku da guguwa, amma ƙarfinta a kan kogi bai kai ya zaɓar masa alƙibla ba.

Abin da awo ya koya mini

Akwai shekarar da aka kai ni wata fadama inda manoma suka haƙa hanyar ruwa mai tsawon kusan mita 300 daga inda suka kafa inji zuwa fangalansu. Kowa a wurin ya yarda cewa gonar tana ƙasa da bakin rafin, ni ma da na tsaya na duba haka idona ya nuna mini. Amma da aka tayar da inji, ruwa ya yi rabin hanya ya tsaya, ya cika ya fara malala ta gefe. Na ɗauko farar tiyo irin wadda magina suke daidaita gini da ita, muka cika ta da ruwa, muka kafa sanduna muna aunawa gaɓa-gaɓa. Sai ga shi ƙarshen hanyar ya fi farkonta tsayi da kusan taƙi ɗaya. Wani dattijo da ke zaune a gindin giginya ya ce shi dama ya san haka, domin duk damina yana ganin tarkacen kara da ruwa ya kwaso yana taruwa ne a gefen da muka ɗauka tudu ne. Tun daga ranar, idan na je sabon wuri, kafin in buɗe akwatin kayan awo sai na nemi mai shekaru na tambaye shi inda ruwa yake kwanciya.

Saboda haka duk abin da na faɗa a sama ƙa'ida ce ta gaba ɗaya. Tana bayyana dalilin da ya sa kogin garinku ya yi gabas, amma ba za ta gaya wa mutum inda ruwa zai bi a filinsa ko a unguwarsu ba. Wannan sai an je wurin an auna, ko an tsaya an kalli ruwan sama na farko.

Game da ɗalibinka, Malam, shawarata ita ce ka fara sauke taswirar daga bango ka shimfiɗa ta a ƙasa, ka daidaita arewarta da arewar gaske, domin yara su ga cewa arewa ba sama ba ce. Sannan ka fita da su filin makaranta, ku tara yashi mai laima ku yi tudu mai doro, ka sa masa suna Jos, ku yi ɗan kwari a gefen arewa maso gabas ku kira shi Chadi, wani kuma a kudu ku kira shi teku. Ka ba yaron da ya yi tambayar buta ya tsiyaya ruwa a hankali a kan doron, sauran su zagaye su faɗi inda kowane zirin ruwa ya nufa. Idan sun gama, ka sa wani ya toshe ɗaya daga cikin hanyoyin da ɗan dutse ko da ciyawa, a sake zubawa, su ga inda ruwan zai koma.